Kasuwar baje kolin bindigogi a Amurka: Shin ana samun garaɓasa a cikinta?

Kasuwar baje kolin bindigogi taron saye da sayarwa ne na wucin gadi da ake yi a birane da garuruwan Amurka, galibi ranakun Asabar da Lahadi. Wani kamfani ko wata ƙungiya ce ke kama hayar babban zaure, ta jera tebura, ta bayar da su haya ga masu kaya, sannan ta karɓi kuɗin shiga daga jama'a a bakin ƙofa. A kan teburan ana shimfiɗa bindigogi sababbi da na hannu, da harsasai, da wuƙaƙe, da kayan gyara, da kakin soja na da, har da kayan ciye-ciye.

Mutane da yawa kan nufi wannan kasuwa da zaton za su sayi kaya da araha, tun da masu sayarwa sun taru wuri guda suna gogayya. Abin da tsarin kasuwar ya nuna shi ne, sabuwar bindiga da wuya ta fi sauƙi a can idan aka kwatanta da shago ko intanet. Rangwamen da ake samu ya fi yawa a tsofaffin kaya da harsasai da ƙananan kayan haɗi, kuma wanda ya riga ya san kimar abin da ya je nema shi ne ke cin moriyarsa.

Girman kasuwar da masu cin ta

Amurka ita ce ƙasar da ta fi kowace yawan bindigogi a hannun fararen hula. Cibiyar Small Arms Survey da ke Janeba ta ƙiyasta cewa a 2017 akwai kimanin bindiga miliyan 393 a hannun jama'ar ƙasar, wato sun fi mutanenta yawa. Mallakar makami a can yana da gindin zama a gyara na biyu da aka yi wa tsarin mulki a 1791, kuma Kotun Ƙoli ta tabbatar a 2008 cewa haƙƙi ne na kowane mutum a karan kansa.

Wani rahoto da ma'aikatun baitulmali da shari'a na ƙasar suka fitar a Janairun 1999 ya ce ana yin irin wannan baje koli fiye da sau 4,000 a shekara, kuma dillalai masu lasisi su ne rabi zuwa kashi uku cikin huɗu na masu kasa kaya. Wasu tarukan ba su wuce tebur hamsin ba, a zauren tsofaffin sojoji na ƙaramin gari. Wanda ake wa kallon mafi girma shi ne na Wanenmacher da ake yi a birnin Tulsa na jihar Oklahoma sau biyu a shekara, a Afrilu da Nuwamba, mai tebur sama da 4,000 a ƙarƙashin rufi guda. Akwai kuma SHOT Show na Las Vegas da ake yi a watan Janairu, amma wannan na masana'antu da manyan dillalai ne, ba a buɗe shi ga kowa, kuma ba a ciniki ɗai-ɗai a cikinsa.

Masu sayarwa iri uku ne. Na farko, dillalai masu lasisin gwamnatin tarayya, waɗanda akasarinsu suna da shago, sai su kwaso wani ɓangare na hajarsu su kawo. Na biyu, masu tara tsofaffin bindigogi don sha'awa, waɗanda kan kama tebur su rage abin da suka tara ko su yi musaya. Na uku, mutanen da suka shigo a matsayin 'yan kallo, suna zagaya zauren rataye da bindigar da suke so su rabu da ita, da takardar farashi manne a jikinta. Kowace bindiga da aka shigo da ita sai masu tsaron ƙofa sun tabbatar babu harsashi a ciki, sannan su ɗaure ta da igiyar roba yadda ba za ta iya tashi ba.

Dokokin da suka tsara cinikin

Dokar taƙaita makamai ta 1968 ce ta wajabta wa duk mai sana'ar sayar da bindiga ya mallaki lasisi, ta kuma hana sayar wa wasu rukunonin mutane, irin su waɗanda aka taɓa samu da babban laifi. A farkon al'amari mai lasisi ba ya da izinin sayarwa sai a shagonsa. An sassauta wannan a tsakiyar shekarun 1980, kuma dokar kare masu mallakar bindiga ta 1986 ta tabbatar wa dillalai damar yin ciniki a wuraren baje koli da ke cikin jiharsu. Daga nan ne kasuwar ta bunƙasa, ta tashi daga dandalin masu sha'awar kayan tarihi ta zama babbar hanyar kasuwanci.

Dokar Brady ta 1993 ta kawo binciken mai saye, kuma tun Nuwamban 1998 hukumar FBI ke gudanar da tsarin binciken nan take da ake kira NICS. Duk wanda zai sayi bindiga daga mai lasisi, a shago ne ko a kan tebur, sai ya nuna katin shaida, ya cike takarda mai lamba 4473, a bincika sunansa. Dillali ba ya sayar da doguwar bindiga ga wanda bai kai shekara 18 ba, ƙaramar bindiga kuwa sai ɗan shekara 21. Wanda ya zo daga wata jiha ba ya fita da ƙaramar bindiga a hannu, sai dai a aika ta ga wani dillali a jiharsa, ya je can ya karɓa.

Wanda ba sana'arsa ba ce, wato mai sayar da tasa jefi-jefi, dokar tarayya ba ta tilasta masa binciken mai saye idan dukansu 'yan jiha ɗaya ne, ko da yake laifi ne ya sayar wa wanda ya san an haramta masa. Jihohi da dama sun toshe wannan ƙofa da dokokinsu. A Kalifoniya, alal misali, kowane ciniki sai ya bi ta hannun mai lasisi, kuma sai an jira kwana 10 kafin a miƙa bindigar. Ke nan abin da ya halatta a baje kolin Teksas yana iya zama laifi a na wata jihar.

Dalilin da sabuwar bindiga ba ta araha

Ɗan kasuwa ya san kowane ɗawainiya kan kaya take komawa. Dillalin da ya zo baje koli ya biya kuɗin kowane tebur, ya sha mai, wataƙila ya kwana a otal, ya biya yaran da suka taya shi lodi da tsaro, sannan ya bar shagonsa na kwana biyu. Ribar sabuwar bindiga kuwa dama ba ta da yawa, domin kusan duk dillalai daga manyan 'yan sari guda suke ɗauka, a farashin da bai bambanta sosai ba. Harajin tarayya na kashi 10 cikin ɗari a kan ƙananan bindigogi, da kashi 11 a kan dogaye da harsasai, tun daga masana'anta aka saka shi cikin kuɗin, ba wanda ke kauce masa. Bugu da ƙari, kamfanoni da yawa suna ƙayyade mafi ƙarancin farashin da dillali zai iya tallata kayansu a kai, abin da ke sa farashin sabon kaya ya zo kusan ɗaya a ko'ina.

Shi ma mai saye yana da nasa ɗawainiyar. Kuɗin shiga kan kama daga dala 10 zuwa 20, wasu wuraren ana biyan kuɗin ajiye mota, kuma masu tebur da yawa kan ƙara kusan kashi 3 cikin ɗari ga wanda zai biya da kati. A ɗauki misalin bindigar da shagon unguwa ke sayarwa dala 500, aka same ta dala 480 a baje koli. Idan aka haɗa dala 15 na shiga da dala 10 na mota, ta kai 505. Idan da kati aka biya, ta doshi 520, ba a ma sa kuɗin mai ba. Rangwamen dala 20 da aka gani a takarda ya narke kafin a fita daga zauren.

Intanet ita ce ta fi sauya lissafin. Kafin zuwanta, baje koli ne kusan kaɗai wurin da mutum zai ga kayan dillalai hamsin a yini guda ya kwatanta. Tun da aka buɗe shafukan gwanjo irin su GunBroker a 1999, kowa na iya duba farashin da aka sayar da irin kayan a jiya, yana tsaye a gaban tebur da wayarsa. Wannan ya taimaki mai saye wajen gane tsada, amma ya kuma kashe tsohuwar garaɓasar da ake samu daga mai kayan da bai san darajar kayansa ba, domin shi ma yanzu ya duba kafin ya fito. Sayen ta intanet ma yana da nasa kuɗin: ba a aiko wa mutum bindiga gida, sai ta sauka wurin mai lasisi, ya caji ladan miƙawa, ga kuɗin aike. Bindigar dala 450 a intanet, da dala 25 na aike da dala 30 na dillali, ta koma 505. Kuma tun hukuncin Kotun Ƙoli na 2018 a shari'ar jihar Dakota ta Kudu da kamfanin Wayfair, jihohi na iya karɓar harajin saye daga masu sayarwa ta intanet, don haka wannan gata ma ya ragu.

Inda ake samun sauƙi

Bindigogin hannu su ne kan gaba. Farashinsu ba shi da ƙa'ida daga masana'anta, ya danganta da lafiyar kayan da kuma matsuwar mai shi. Dillali kan sayi tsohuwar bindiga ƙasa sosai da abin da zai sayar da ita, don haka mai zagaye da tasa a kafaɗa, wanda masu tebur suka yi wa tayin wulaƙanci, yakan yarda da farashin da ke tsakanin tayin dillali da kuɗin kasuwa. A nan duka ɓangarori biyu suna ƙaruwa, tun da an cire la'adar mai shiga tsakani.

Na biyu, harsasai da kayan haɗa su. Harsashi nauyi gare shi, kuɗin aikensa na da yawa, alburushi kuma sai an biya ƙarin kuɗin jigilar kaya masu haɗari kafin a aiko shi. Wanda ya saye su hannu da hannu ya huta da wannan. Na uku, ƙananan kaya: gidan harsashi, kube, madubin hange, akwatunan ƙarfe na soja, da sassan tsofaffin bindigogin da aka daina ƙerawa, waɗanda kuɗin aikensu kan fi kuɗinsu.

Na huɗu, kayan tarihi. A dokar tarayya, bindigar da aka ƙera a 1898 ko kafin nan kayan tarihi ce, ba ta cikin waɗanda ake cike wa takarda, wadda ta haura shekara 50 kuma tana shiga wani rukuni na musamman na masu tarawa. Irin waɗannan kaya ido da hannu ne ke tantance su. Hoto ba ya nuna tsatsar cikin bututu ko tsagewar ƙota, kuma bambancin bindigar da ke da fentinta na asali da wadda aka sake wa fenti yana iya kai rabin kuɗinta. Ido ba mudu ba ne, amma ya san kima, kuma wannan ita ce fa'idar da intanet ba ta iya ƙwacewa ba.

Sai dai zamanin arahar rarar makaman soja ya wuce. A farkon shekarun 1990 ana samun bindigar SKS ƙirar Chaina ƙasa da dala 100, haka ma Mosin-Nagant ta tsohuwar Tarayyar Sobiyat a shekarun 2000. Gwamnatin Bill Clinton ta hana shigo da irin waɗannan bindigogin daga Chaina a 1994, takunkumin 2014 ya rufe ƙofa ga kayan kamfanin Kalashnikov na Rasha, sannan a 2021 aka dakatar da bayar da sabon izinin shigo da harsasan Rasha, waɗanda su ne masu araha a kasuwa. Kayan suka yi ƙaranci, farashinsu ya ninka. Da yawa daga cikin masu cewa baje koli wurin araha ne, wancan zamanin suke tunawa.

Tasirin lokaci da ciniki

Farashin makamai a Amurka yana tafiya da siyasa da fargaba. Bayan zaɓen Barack Obama a 2008, da bayan kisan makarantar Sandy Hook a Disambar 2012, jama'a sun yi rububin saye don tsoron za a tsaurara doka, har ƙananan harsasai suka ɓace daga shaguna a 2013. A 2020, shekarar annobar korona da zanga-zanga da zaɓe, FBI ta yi bincike kusan miliyan 39.7, adadin da ba a taɓa kaiwa ba kafin nan. A irin waɗannan lokuta baje koli ne wurin da farashi ya fi tashi, domin masu ɓoye kaya can suke fito da su su yanka kuɗin da suka ga dama. Akasin haka ya faru bayan zaɓen Donald Trump a 2016: fargaba ta kwanta, kaya suka yi kwantai, farashi ya faɗi, har tsohon kamfanin Remington ya nemi kariyar kotu daga masu bin sa bashi a 2018.

A cikin kwana biyun ma akwai bambanci. Safiyar Asabar ce lokacin zaɓi, kafin masana su tsince nagari. Yammacin Lahadi kuwa lokacin tayi ne, sa'ad da mai kaya ke tunanin wahalar sake lodi da kuɗin teburin da bai mayar ba. Ba kamar manyan kantunan ƙasar ba inda farashi a rubuce yake ba a taɓa shi, a baje koli ana yin tayi, kuma tsabar kuɗi na da tasiri. Gogaggun masu saye kan zagaya zauren gaba ɗaya kafin su ciro ko sisi, domin kaya iri ɗaya kan bambanta da dala hamsin ko fiye tsakanin layi da layi.

Hasarar da ke ɓoye cikin araha

Hausawa na cewa araha ba ta ado. Mai tebur ya naɗe kayansa ranar Lahadi ya tafi, wataƙila gari mai nisa, kuma yawancin ciniki babu mayarwa. Ba a gwada harbi a cikin zaure, saboda haka lahanin da ba ya fitowa sai an harba, mai saye ne zai gano shi a gida. Akwai jabun madubin hange da aka buga wa sunan manyan kamfanoni, da tsofaffin bindigogi da aka yi wa tambarin ƙarya don a ce na wani yaƙi ne. Akwai kuma harsasan da wasu ke sake ɗurawa a gida suna sayarwa cikin leda. Idan alburushin ya yi yawa yana iya fasa bindiga ya raunata mai ita, kuma kamfanoni da dama ba sa ɗaukar alhakin bindigar da aka lalata da irinsu.

Saye daga wanda ba a sani ba na iya jawo riƙe kayan sata. Saya wa wani da sunanka, idan shi an haramta masa, babban laifi ne da dokar 2022 ta tanadar wa ɗaurin da ya kai shekara 15. Duk da tsaron ƙofa, haɗari na faruwa: a ranar 19 ga Janairun 2013 mutum biyar sun ji rauni a baje koli uku daban-daban, a jihohin Karolina ta Arewa da Indiyana da Ohayo, sakamakon tashin bindiga bisa kuskure.

Taƙaddamar da ke kewaye da kasuwar

Sayarwa ba tare da bincike ba ita ce ta sa sunan baje koli ya shiga bakin 'yan siyasa. Uku daga cikin bindigogin da aka yi amfani da su a kisan makarantar Columbine a Afrilun 1999, an saye su ne daga masu zaman kansu a wani baje koli a jihar Kolorado. A watan Mayun shekarar Majalisar Dattawa ta amince da wajabta bincike da ƙuri'a 51 da 50, bayan Mataimakin Shugaban Ƙasa Al Gore ya raba gardama, amma ƙudurin bai tsallake Majalisar Wakilai ba. Masu zaɓe a Kolorado da Oregon suka kafa nasu dokokin a 2000. Wani yunƙurin a Afrilun 2013 ya sami ƙuri'a 54, ya gaza kaiwa 60 da ake buƙata. A 2024 hukumar ATF ta fitar da ƙa'idar da ta faɗaɗa ma'anar mai sana'ar sayar da bindiga, wasu jihohi kuma suka garzaya kotu suna ƙalubalantar ta.

Masu kare kasuwar kan kafa hujja da binciken da ma'aikatar shari'a ta yi a kan fursunoni a 2016, wanda ya nuna kashi 0.8 cikin ɗari ne kawai na waɗanda ke riƙe da bindiga lokacin aikata laifi suka samo ta daga baje koli, alhali kimanin kashi 43 daga kasuwar bayan fage suka samu. Masu suka kuma na cewa wannan adadi bai ƙirga bindigar da wani ya saya a baje koli ya sayar a titi ba.

Matsayin baƙo

Ɗan kasuwa ko ma'aikacin da ya je Amurka da bizar ziyara yana iya biyan kuɗin shiga ya yi kallo, amma dokar tarayya ta haramta wa mai irin wannan biza mallakar bindiga ko harsashi, sai a wasu 'yan yanayi kamar wanda ke da lasisin farauta. Fitar da makami ko wasu sassansa daga ƙasar sai da izinin gwamnati, kuma an sha ɗaure mutane a kan ɓoye bindigogi cikin motoci da kwantena masu zuwa Afirka ta Yamma. A Najeriya, dokar makamai ta 1959 ta hana mallaka ko shigo da bindiga ba tare da lasisi ba. Wasu nau'o'in sai da izinin Shugaban Ƙasa, wasu na Sufeto Janar na 'Yan Sanda. Takardar saye daga Tulsa ba ta da wani amfani a tashar jirgin ruwan Apapa.

Wa kasuwar ke yi wa rana?

Mai neman sabuwar bindiga sananniya, wadda kowane shago ke da ita, zai fi samun sauƙi da kwanciyar hankali a shagon garinsu, inda zai iya komawa idan matsala ta taso. Mai neman tsohuwar bindiga ko sashen da ya yi wuya ko harsasai masu yawa, wanda ya duba farashi kafin ya fito, ya ƙayyade abin da zai kashe, kuma ya iya juya baya idan ciniki bai yi ba, shi ne wanda dala 15 ɗinsa ta shiga kan dawo masa da riba. Sabon shiga kuwa ribarsa ita ce ya riƙe samfura masu yawa a hannu ya ji nauyinsu, ya saurari masana, ya san abin da ya dace da shi, sannan ya jinkirta sayen har ya kwatanta farashi a wasu wuraren.